Ka karɓi mabuɗin: yadda ɗalibi zai ci gajiyar aikin sa kai

A cikin wata tsohuwar jakata akwai takardun shaida guda bakwai na aikin sa kai da na tara a shekarata ta farko a jami'a. Kowacce da hatimi da sa hannu, wasu har da adon ruwan zinariya a gefe. Tun da na fara aiki ban taɓa nuna wa kowa su ba, domin idan aka tambaye ni me na yi aka ba ni, gaskiyar magana ita ce na sa riga mai tambari, na tsaya a layin baya, aka ɗauki hoto, aka watse.

A shekara ta biyu na shiga wata 'yar ƙungiya da ke koya wa yaran firamare karatu duk ranar Asabar, a wani aji da wata makaranta ta ba mu aro. Mai kula da shirin dattijuwa ce, malamar makaranta da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Bayan mako huɗu ta miƙo mini littafin rajista da wani ƙaramin mabuɗi ɗaure da jan zare, ta ce, "Ɗana, daga yau kai ne mai buɗewa. Ƙarfe tara yara su same ka a ciki."

Asabar ta uku bayan haka na kwana ina karatun gwaji, cajin waya ya ƙare ban sani ba, barci ya yi awon gaba da ni. Goma da rabi na farka. Da na isa a guje, sai na tarar da yara goma sha tara zaune a baranda, Mama a tsakiyarsu ta durƙusa tana rubuta musu haruffa da alli a kan siminti, mace mai ciwon gwiwa. Ta ɗago kai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai da yara suka tashi ta ja ni gefe ta ce, "Makarar ba ta dame ni kamar shirun ba. Da ka kira ni tun dare ka ce jikinka ba zai ba ka ba, da na aika an karɓo mabuɗin."

To, shawarata ta farko ga ɗalibi, namiji ko mace, daga nan ta fito: ka nemi aikin da zai lalace idan ba ka zo ba. Idan za ka iya fashi sau uku babu wanda ya lura, ba abin da kake koyo, kana dai cika taro ne. Ba sai aikin ya zama babba ba. Mabuɗi, rajista, akwatin kayan aiki, jerin lambobin wayar iyayen yara, kowanne ya isa, muddin da sunanka aka san shi.

Kafin ka ce wa wata ƙungiya ka shigo, ka je ka zauna da su sau ɗaya ko biyu a matsayin baƙo, sannan ka yi tambaya. Wane aiki takamaimai zan riƙe? Wa zan riƙa faɗa wa abin da na yi, wanda kuma zai gyara mini idan na kauce? Wa ya riƙe aikin kafin ni, me ya sa ya bari? Idan amsar da ka samu ita ce "kai dai zo, aiki ba ya ƙarewa," ka yi hattara. Wurin da ba a san me za a ba ka ba, ƙarshenta ɗaukar kujeru za ka yi ta yi har ka gaji ka daina zuwa.

Manyan ƙungiyoyi irin su Red Cross suna da abin da ƙanana ba su da shi, wato horo mai tsari. A can za a koya maka agajin farko da hannunka a kan mutum-mutumin roba: danna ƙirji sau 30, hura numfashi sau 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Wannan ilimi ne da za ka rayu da shi. Amma a babbar ƙungiya za ka iya shekara kana ɗaya daga cikin ɗari, ba wanda ya damƙa maka komai. A ƙaramar ƙungiya mai mutum takwas kuwa, wata biyu ya isa ka zama sakatare, saboda babu wani da za a ba. Ni ra'ayina, ka karɓi horo a babba idan ka samu dama, ka riƙe aiki a ƙarama.

Game da lokaci, awa uku zuwa huɗu a mako sun isa, amma ka yi niyyar zangon karatu biyu aƙalla. Wata ukun farko koyon sunayen mutane kake yi da inda ake ajiye kaya. Sai bayan nan matsalolin gaske suke fara zuwa hannunka. Kuma tun ranar farko ka buɗe kalandar makaranta ka nuna musu makonnin jarrabawa, ka ce waɗannan ba za ku gan ni ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na san wanda ya maimaita kwas biyu saboda kunyar cewa a'a, ƙungiyar kuma ba ta biya masa ko ɗaya ba.

Yanzu ga ayyukan da kowa ke gudu, waɗanda su ne nake so ka ɗaga hannu ka karɓa: rubuta bayanan taro, riƙe rajista, rubuta wasiƙar neman izini, lissafin kuɗin da aka kashe. Mutane suna son riƙe lasifika da miƙa kyauta a gaban kyamara. Amma ka tuna yadda ita kanta Red Cross ta samo asali. A watan Yunin 1859 wani ɗan kasuwa daga Janeba, Henry Dunant, ya isa yankin Solferino a arewacin Italiya a kan harkar kasuwancinsa, ya tarar an gwabza yaƙi, dubban sojoji kwance da raunuka babu mai kula da su. Shi ba likita ba ne. Abin da ya yi shi ne ya tattara matan garin Castiglione, ya raba musu aiki, ya nemo ruwa da bandeji da sauran kayan jinya. Tsara mutane da kaya, shi ke nan. Daga nan aka kafa kwamitin da ya zama Red Cross a Janeba a 1863. Mai rajista da mai lissafin kaya su ne magadan wannan mutumin.

Littafin rajistar da Mama ta ba ni shi ya tilasta mini koyon Excel. Ta tambaye ni wata rana yara nawa ne suka yi fashi fiye da sau uku tun farkon zango, na kwashe awa biyu ina bin shafi da yatsa, na kawo mata amsar da ba daidai ba. Daren nan na zauna gaban kwamfuta, na jera sunaye a tsaye, ranaku a kwance, na koyi yadda ake sa na'urar ta ƙirga da kanta. An koya mana wannan a aji tun shekarar farko, na ci jarrabawarsa ma, amma bai zauna mini ba sai da wani ya tsaya yana jiran amsa daga gare ni.

Kuɗi kuwa, ko nawa ne, doka ɗaya ce: kada ka haɗa shi da naka, kada ka kashe ba rasit, kada ka ƙirga kai kaɗai. Idan mai kaya ba shi da rasit, ka rubuta a takarda abin da ka saya da ranar, ka sa hannu, wanda ya raka ka ma ya sa. Zumunci da yawa ya lalace a ƙungiyoyin ɗalibai a kan canjin da bai kai kuɗin mota ba.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne jagorancin mutanen da ba ni nake biyan su ba. A wurin aiki, shugaba yana da albashi da takardar gargaɗi a hannunsa. A aikin sa kai ba ka da komai sai bakinka da halinka. Wanda ka ɗaga wa murya yau, gobe ba zai zo ba, kuma babu abin da za ka yi masa. Da aka ɗora mini tsara jadawalin masu koyarwa, akwai wani abokina da kullum sai an yi rabin darasi yake shigowa, yana murmushi, yana gaisawa da kowa. Na fara da habaici a zauren WhatsApp ɗinmu, irin "wasu dai sun mayar da abin wasa." Kowa ya san da wa nake, shi kuma ya yi fushi ya ɓace mako biyu, ajinsa ya dawo kaina. Da na kai ƙara wurin Mama sai ta ce, "Ka tambaye shi dalili, ko ka yanke masa hukunci ne kawai?" Na same shi shi kaɗai, na ce, "Abokina, ƙarfe taran nan ta yi maka wuri ne?" Ashe duk safiyar Asabar shi ke raka mahaifinsa asibiti. Muka mayar da shi rukunin ƙarfe sha ɗaya, bai sake makara ba har muka gama.

Daga wannan na ɗauki abubuwan da har yau nake aiki da su a ofis. Gyara a keɓe ake yin sa, yabo a gaban jama'a. Kada ka ce "wani ya taimaka ya kawo alli," domin wani ba ya zuwa. Ka kira suna, ka faɗi rana. Kuma bayan kowane taro ka tura saƙo gajere: abin da aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe. Layi biyar ne, amma mai tura wannan saƙon shi ne ke jan ragamar ƙungiya ko da ba shi da muƙami.

Sai batun ɗan littafi. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu, ko ka buɗe shafi a wayarka, duk ranar da ka dawo ka rubuta abu uku kafin ka kwanta: me na yi, me ya ƙi tafiya, me zan canza mako mai zuwa. Wani masanin ilimi Ba'amurke, David Kolb, ya bayyana a 1984 cewa koyo daga aiki zagaye ne mai zango huɗu: ka yi abu, ka waiwaya ka duba shi, ka fitar da darasi, ka gwada darasin a karo na gaba. Yawancinmu a zangon farko muke tsayawa, shi ya sa mutum zai shekara uku yana aikin sa kai amma a zahiri wata ɗaya ya maimaita sau talatin da shida. Ka riƙa sa adadi a rubutun: yara nawa suka zo, jaka nawa aka raba, wasiƙa nawa ka aika, nawa aka amsa. Bayan shekara biyu ba za ka tuna ko ɗaya ba, kuma ranar rubuta CV za ka neme su ido rufe.

Yanzu nakan zauna a kwamitin ɗaukar sababbin ma'aikata, kuma kusan kowane CV na wanda ya gama karatu yana ɗauke da jimla iri ɗaya: mai ƙwazo, mai iya aiki da jama'a, mai son taimakon al'umma. Ido ya saba da ita har ba ya ganin ta. Ka kwatanta da wannan: "Na riƙe rajistar yara 40 a shirin koyar da karatu na tsawon wata 14, na tsara jadawalin masu koyarwa 6, na kira iyayen yaran da suka daina zuwa har 9 daga cikin 12 suka dawo." Wanda ya rubuta haka ya ba ni abin da zan tambaye shi. Sharaɗi dai adadin ya zama na gaskiya, domin tambaya biyu ta isa ta tona asirin wanda ya ƙara gishiri.

A intabiyu akwai tambayar da ba ta wuce kowa: ba mu labarin wani lokaci da ka yi kuskure, ko ka samu saɓani da abokin aiki. Wanda bai taɓa riƙe komai ba sai ka ga yana kallon silin, ƙarshe ya ce kuskurensa shi ne ya cika son aiki. Ni ranar tawa labarin mabuɗi na bayar, da barandar da allin da komai, na ƙare da abin da na yi bayan haka: na yanka mabuɗi na biyu na ba wani, na kuma sa dokar cewa duk wanda ba zai zo ba ya faɗa kafin ƙarfe takwas na daren Juma'a. Ka shirya labari biyu ko uku irin wannan. Ka faɗi halin da ake ciki a taƙaice, abin da kai ka yi da hannunka, da yadda ta kaya. Ka rage "muka yi," ka ƙara "na yi," domin kai za a ɗauka, ba ƙungiyar ba.

Akwai kuma mutanen da za ka haɗu da su. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa mutane sun fi jin labarin gurbin aiki daga waɗanda suka sani sama-sama fiye da aminansu na kusa. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, inda kake zuwa nan yake zuwa. A wurin aikin sa kai kuwa za ka zauna benci ɗaya da ma'aikaciyar jinya da akanta da injiniyan da ya girme ka da shekara ashirin, mutanen da ba za ka taɓa haɗuwa da su a zauren lacca ba. Kada ka bi su da roƙon aiki, abin yana sa a guje ka. Ka bari su ga aikinka. Idan lokacin neman takardar shaidar hali ya yi, ka nema tun kana wurin, ka kuma tuna wa mai rubutawar ayyukan da ka riƙe da ranakunsu, don ta rubuta abin da ta gani da idonta.

Wani zai ce to ai wannan ba sa kai ba ne, neman abin duniya ne da rigar taimako. Na yi wannan muhawarar da kaina. Gaskiya ne cewa cikin ƙa'idoji bakwai da ƙungiyar Red Cross ta amince da su a Biyana a 1965 akwai aikin sa kai, wanda aka ce ba kwaɗayin riba ke motsa shi ba. Abin da na lura da shi dai shi ne wanda ya zo don takarda kawai ba ya kai wata uku, kuma ba ya samun ƙwarewar ma. Ita ƙwarewar tana zuwa ne ga wanda ya damu da ko yaron nan ya iya karatu ko bai iya ba. Don haka ban ga laifin ka san za ka amfana ba, in dai ranar da amfanin mutanen ya ci karo da naka, nasu ka sa a gaba.

Akwai wani yaro a rukunina, ɗan shekara tara, da yake juya b da d. Mako shida ina nuna masa, mako shida yana juyawa. Na fara jin haushinsa, har na ce a raina wannan ba zai iya ba. Wata Asabar na gaji da allo, na ce ya dunƙule hannayensa biyu ya ɗaga manyan yatsu: na hagu b, na dama d. Ya kalli hannunsa, ya kalli littafi, ya karanta layi guda ba kuskure, sannan ya ɓoye fuska a cikin riga yana dariya. Abin da ya tsaya mini a wuya a hanyar komawa shi ne mako shidan nan hanya ɗaya tak nake maimaita masa, ina ƙara ɗaga murya, ina kiran hakan ƙoƙari. Har yau idan sabon ma'aikaci ya kasa gane bayanina sau biyu, hannayen yaron nan nake tunawa kafin in buɗe baki karo na uku.

Wasu iyakoki da bai kamata ka tsallake ba. Kada ka yi aikin da ba a horar da kai a kansa ba: ɗalibin lissafi ba ya yin allura don an ga yana sanye da rigar agaji. Kada ka keɓe da yaro kai kaɗai a ɗaki a rufe, don kare shi da kare kanka. Kada ka ɗauki hoton mabuƙaci ka watsa a Facebook ba da izininsa ba, yaro kuma sai da izinin iyayensa. Talauci ba ya cire wa mutum mutunci. Abin da ka ji na sirrin wani gida ya tsaya a wurin. Sannan ka bambance sa kai da ci da guminka: idan kamfani mai neman riba ya sa ka aikin da yake biyan wasu a kai, kullum daga safe zuwa yamma, ba horo ba ranar gamawa, wannan ci da gumi ne aka canza wa suna. Haka duk wanda ya ce sai ka biya kuɗi kafin ya ba ka damar taimako, ka binciki inda kuɗin ke zuwa.

Wanda fita ke yi wa wuya, ko don lalura ko don nisa, akwai aikin da ake yi ta intanet. 'Yan sa kai ne ke rubuta Wikipedia tun 2001, kuma duk gyaran da ka yi yana nan a ajiye da sunan da ka yi rajista da shi, kowa zai iya dubawa. Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, 'yan sa kai daga ƙasashe daban-daban sun zana titunan babban birnin a taswirar OpenStreetMap daga hotunan tauraron ɗan'adam, masu agaji suka yi aiki da ita a ƙasa. Shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedikwata a Bon ta Jamus, shi ma yana da sashen da ake fassara da rubutu da zane daga gida. Ƙa'idar ba ta canza ba: ka ɗauki abu guda mai wa'adi, wanda wani ke jira. Idan kuma ba ka san ƙungiyoyin da ke kusa da kai ba, ka sa ido ranar 5 ga Disamba, ranar 'yan sa kai ta duniya da Majalisar ta ware tun 1985, lokacin da da yawansu ke fitowa su nuna ayyukansu.

Ranar tafiya za ta zo, ko don kammala karatu ko don abin ya ishe ka. Kada ka sulale. Ka ba da sanarwar wata guda, ka nemo wanda zai gaje ka, ku yi aikin tare sau biyu ko uku yana yi kana kallo. Ka rubuta masa shafi ɗaya: inda kaya suke, lambobin da zai buƙata, abin da ya rage ba a gama ba, da ƙananan abubuwan da ba a rubuce suke ko'ina ba. A nawa shafin na rubuta cewa maigadin makarantar ba ya son a buga masa ƙofa da ƙarfi, cewa yarinyar da ke zama kusa da taga ba ta ji sosai da kunnen hagu don haka a tsaya mata ta dama, kuma kwaɗon ajin yana cijewa idan an yi ruwa, sai an ɗan ɗaga ƙofar sama kafin a murɗa mabuɗin.